Giyar Rioja da inabin Tempranillo: amsa ga mai aikin tebur da ba ya sha

"Yaya, barka da aiki. Wata uku ke nan da na samu aikin kai abinci tebur a wani gidan abinci a Zaragoza, ƙasar Sifaniya. Ni Musulmi ne, ban taɓa shan giya ba, ba ni kuma da niyyar farawa. Amma kusan kullum sai baƙo ya tambaye ni wace Rioja ce za ta dace da naman da ya zaɓa, ko mene ne bambancin crianza da reserva, sai in tsaya ina kame-kame har wani ya zo ya karɓe ni. An ce mini ka daɗe a wannan aiki a Logroño. Don Allah yaya ɗanɗanon wannan giya yake, da wane inabi ake yin ta, kuma ta yaya ake sanin abincin da ya dace da ita?"

Ƙanena, barka kadai, Allah ya taimaka. In na fahimce ka, hanya kake nema da mutumin da bai taɓa kai kofin baki ba zai yi wa mai sha bayanin abin da zai sha, ya kuma ba shi shawarar da ba za ta ɓata masa abinci ba. Hakan mai yiwuwa ne, na kuma yi aiki da waɗanda suka iya. Bari in fara gaya maka inda nake tsaye don ka san yadda za ka auna maganata. Ni Kirista ne, haifaffen Wusasa. Da na zo ƙasar nan da yankan inabi na fara a gonakin da ke kewaye da Logroño, daga baya na shiga gidan abinci, yau shekara 14 ke nan, ɗanɗana giya kuwa yana cikin aikina. Hukuncin wannan aiki a addininka ba fagena ba ne, malamanka za ka tuntuɓa, ina kuma ba ka shawarar ka yi hakan don hankalinka ya kwanta. Nawa shi ne in faɗa maka abin da ke cikin kwalbar, da misalan da harshenka ya riga ya sani tun daga gida, ta yadda ba sai ka kurɓa ba.

Ƙasar da take fitowa

Rioja sunan yanki ne, a nan mutane da yawa suke fara rikicewa, don suna ɗauka sunan inabi ne. Kogin Ebro da ya ratsa Zaragoza, idan ka bi hanyar da ke kwarinsa ka yi sama wajen kilomita 170 za ka iso Logroño, babban birnin yankin. Gonakin inabin sun bi kogin hagu da dama, kimanin hekta 66,000, an kuma kasa su uku. Rioja Alta tana yamma, wajen garin Haro, tudu ce mai sanyi. Rioja Alavesa tana arewacin kogin, cikin lardin Álava na ƙasar Basque, a gindin duwatsun Sierra de Cantabria da suke tare iska mai laima da ke tasowa daga tekun Atlantika. Rioja Oriental tana gabas, wajen Calahorra da Alfaro, ita ce ta fi kusa da kai, ta kuma fi sauran zafi da bushewa. Kafin 2018 Rioja Baja ake kiranta. Amfanin sanin wannan a wurinka ɗaya ne: inabin wuri mai sanyi yana riƙe tsaminsa, na wuri mai zafi kuwa yana tara sukari, sukarin nan shi ne yake komawa barasa. Wajen giram 17 na sukari a lita ɗaya ke ba da kashi 1 cikin 100 na barasa, jar Rioja kuwa yawanci tana tsakanin kashi 13 da 14.5.

Mutanen yankin sun daɗe suna yin giya, amma a da irin wadda ake shanyewa a shekararta ce, ana ɗura ta a salkar fata. A tsakiyar ƙarni na 19 abin ya sauya. Luciano de Murrieta a 1852 da gidan Marqués de Riscal na garin Elciego a 1858 suka ɗauko salon mutanen Bordeaux na Faransa, wato ajiye giya a gangar katako ta yi shekaru. Sai kuma wani ƙwaro mai cin saiwa da ake kira filoksera ya shigo Turai daga Amurka, ya fara cinye gonakin Faransa tun daga shekarun 1860. 'Yan kasuwar Faransa suka tsallako neman giya, ga shi layin dogo ya haɗa Haro da tashar jiragen ruwa ta Bilbao a 1863. Shi ya sa har gobe manyan gidajen giya suke jere a unguwar tashar jirgin ƙasa ta Haro: López de Heredia tun 1877, CVNE tun 1879, La Rioja Alta tun 1890. Ƙwaron ya iso Rioja ita ma a 1899, aka kuma yi maganinsa da abin da manomin mangwaro ya sani, wato aure: saiwar inabin Amurka da ƙwaron ba ya kashewa a ƙasa, reshen inabin gida a sama. A 1925 doka ta kare sunan Rioja, a 1991 kuma ta zama yanki na farko a Sifaniya da aka ba matakin koli, shi ne DOCa da kake gani a jikin kwalba.

Inabin

Fiye da kashi 80 cikin 100 na baƙin inabin da ake nomawa a Rioja iri ɗaya ne, Tempranillo. Sunan ya fito daga kalmar temprano, wato da wuri, saboda yana riga sauran nuna. Ka riƙe sauran sunayensa, domin za su ruɗe ka a takardar giya: a Ribera del Duero Tinto Fino ne ko Tinta del País, a Toro Tinta de Toro, a La Mancha Cencibel, a Kataloniya Ull de Llebre, a Fotugal kuma Tinta Roriz ko Aragonez. Duk shi ɗin ne, ƙasa da yanayi ne suke sauya masa hali.

Inabin giya ya bambanta da wanda ake sayarwa a kanti don ci. 'Ya'yansa ƙanana ne, cike da ƙwallaye, nonon a cure yake, ya kuma fi na kanti zaƙi nesa ba kusa ba. Idan ka matse ƙwaya ɗaya ta Tempranillo a yatsa, ruwan da zai fito kusan fari ne. Launin yana cikin bawo. Saboda haka ake barin ruwan da bawon da ƙwallayen su zauna tare kwana da kwanaki yayin da yis yake cinye sukarin, bawon yana sakin launi da bauri. Wannan zama tare shi ne ya raba jar giya da fara, Sifaniyawa kuwa ba sa ce mata ja, tinto suke cewa, wato rinanniya.

Tempranillo yana da rauni guda: idan zafi ya yi yawa tsaminsa yana faɗuwa, giyar ta zama lami. Don haka tun da can ake haɗa shi da wasu. Garnacha tana ƙara jiki da barasa da ƙamshin 'ya'yan itace nunannu, tana kuma son zafin gabas. Graciano yana ƙara tsami da ƙamshi, Mazuelo yana ƙara tsami da launi da bauri. Idan baƙo ya tambaye ka me ke cikin kwalbar Rioja alhali ba a rubuta ba, ka ce yawancinta Tempranillo ce, mai yiwuwa da ɗan waɗannan, ba za ka yi nisa da gaskiya ba.

Abin da baki yake ji

A nan nake so ka tsaya, domin wanda ya gane wannan ya gane sauran. Masu rubutu a bayan kwalba suna yawan jero sunayen 'ya'yan itace da furanni har kai ya yi zafi. Amma abin da ke yanke hukunci a tebur abu uku ne, dukansu kuma akwai sunansu a Hausa: bauri, tsami da nauyi.

Bauri shi ne abin da kake ji idan ka tauna goro, ko ka gatsi kanyar da ba ta nuna ba: harshe ya bushe, dasashi ya tsuke, miyau ya rasa santsi. Sinadarin da ke kawo shi Sifaniyawa suna kiransa tanino, danginsa ne kuma ke cikin bagaruwar da majema suke jima fata da ita a Kano da Sakkwato. Aikinsa kama furotin ne ya ɗaure shi. A majema furotin ɗin fata yake kamawa, a baki kuwa na miyau. Ga gwajin da za ka yi a ɗakinka yau ɗin nan. Dafa shayi mai kauri, ka bar ganyen ya daɗe a ciki, ba sukari ba madara, ka kurɓa ka lura da yadda bakinka ya tsuke. Sai ka ci yankan nama mai kitse da gishiri, ka sake kurɓa. Za ka ji shayin ya yi laushi, bakin kuma ya wanku daga maiƙo. To abin da ke faruwa ke nan tsakanin jar giya da gasasshen rago, ba ragi ba ƙari. Baurin Tempranillo na Rioja matsakaici ne, idan kuma giyar ta daɗe a ajiye yakan kwanta ya yi santsi.

Tsami ka san shi a zobon da ba a sa wa sukari ba, ko lemun tsamin da ake matsawa kan soyayyen kifi. Yana tsinka miyau, yana yanke maiƙo, yana sa a so ƙarin loma. Giyar da ba ta da isasshen tsami tana gundurar mai ci tun kafin a kai rabin faranti. Nauyi kuwa, wanda suke ce wa cuerpo, shi ne bambancin da kake ji a baki tsakanin zobo da kunun aya: ɗaya yana wucewa kamar ruwa, ɗaya yana cika baki. Yawan barasa ne yake ƙara shi, da yawan abin da bawo ya saki.

Akwai kalma ɗaya da za ka kiyaye. Jar Rioja seco ce, wato yis ya cinye sukarinta kusan duka, ba ta da zaƙi. Hanci ne yake jin ƙamshin 'ya'yan itace har mutum ya zaci da zaƙi a ciki. Baƙon da ya ce maka yana son tinto mai ɗan zaƙi, sau da yawa abin da yake nufi shi ne marar bauri sosai, mai ƙamshin 'ya'yan itace, abin da ake ce wa suave ko afrutado. Ka ba shi sabuwar giya, kada ka ba shi tsohuwa.

Ƙamshin kansa yana tafiya da shekaru. Sabuwa tana ƙamshin jajayen 'ya'yan itace, sitiroberi irin na Jos da ceri, launinta yana ɗaukar shuɗi-shuɗi a gefen kofi. Wadda ta kwana biyu tana komawa wajen ɗinya nunanniya da zabibi, ga kanumfari da kirfa. Tsohuwa sosai kuwa launinta yana sirkawa da na jan bulo, ƙamshinta kuma ya koma na jemammiyar fata da busasshen ganyen taba da ƙasar da aka yi wa yayyafi. Ranar da na fara shaƙar wata tsohuwar Rioja, rumfar dukawa na tuna, na kuma daɗe riƙe da kofin.

Ganga da launin tambari

Doka ta ce gangar da ake lissafa wa shekaru a Rioja ta itacen roble ce, mai cin lita 225, wato kwalba 300. Katakon yana barin iska kaɗan-kaɗan ta shiga, ita ce take kwantar da bauri, yana kuma ba giyar ƙamshinsa. Roble na Amurka, wanda shi ne na gargajiya a nan, yana ba da ƙamshin fanila da kwakwa. Na Faransa ya fi ɓoye kansa, ƙamshinsa ya fi karkata wajen kayan yaji.

Juya kwalbar ka dubi ɗan tambarin hukumar da ke baya, launinsa kaɗai ya ishe ka. Kore na giyar da ba ta shiga lissafin shekaru ba ce, yawanci sabuwa, ana ce mata joven. Ja na crianza ne: aƙalla shekara 2, ɗaya daga ciki a ganga. Ja mai duhu na reserva ne: aƙalla shekara 3, ɗaya a ganga, wata 6 a kwalba. Shuɗi na gran reserva ne: aƙalla shekara 5, biyu a ganga, biyu a kwalba. Shekarar da ke rubuce a gaba, añada, ta yankan inabin ce.

Ra'ayina a nan, bayan shekarun da na yi ina kallon fuskokin mutane: tambarin yana faɗa maka tsawon ajiya ne kawai, bai yi maka alkawarin daɗi ba. Na sha crianza daga ƙaramin manomi da ta fi reserva ta wani babban gida rai, na kuma sha wadda katako ya danne har ba ka jin inabin. Crianza ita ce dokin aiki a gidan abinci, ita mutanen Logroño suke kira da suna a mashaya, ba sa ma cewa Rioja. Idan ka rasa abin faɗa, ita ce ba za ta kunyata ka ba a yawancin faranti.

Abincin da take tafiya da shi

Kafin ka ambaci wata kwalba, ka dubi farantin ka tambayi kanka: nawa ne maiƙonsa, yaya aka dafa shi, akwai yaji ko tsami a ciki? Mai nauyi da mai nauyi, marar nauyi da marar nauyi. Miya da romon da aka zuba sukan fi naman kansa muhimmanci.

Abincin da ya fi kowane dacewa da Tempranillo shi ne naman ɗan rago, ba kuwa don wani ya zauna ya ƙirƙira ba, tumaki da inabi a ƙasa ɗaya suka tashi. A Rioja ana yin chuletillas al sarmiento: haƙarƙarin ɗan rago ƙanana, a gasa su kan garwashin rassan inabin da aka sare lokacin hunturu aka ɗaure dami-dami suka bushe. Wutar tana tashi da ƙarfi ta mutu da sauri, mintuna kaɗan ne, gishiri kawai ake barbaɗawa. Kitsen yana kwantar da bauri, tsamin giyar yana wanke kitsen, hayaƙin kuma yana haɗuwa da ƙamshin ganga. Crianza ce abokiyarsa. A wurinku Aragón kuna da ternasco, ɗan ragon da ake gasawa a tanda da dankalin turawa a ƙarƙashinsa yana shan romo; wannan ya fi nauyi, crianza za ta yi, reserva ta fi. Naman da aka dafa a hankali awa uku ko huɗu har ya narke, kamar wutsiyar sa ko naman kumatu, carrilleras, yana son reserva, domin romonsa mai kauri ne, sabuwar giya ɓacewa take yi a gabansa.

Gran reserva mutane suna yi mata kuskure. Suna ganin tsadarta sai su zaci ita ce mai ƙarfi, alhali shekaru sun rage mata kaifi, ƙamshinta a hankali yake fitowa. Idan aka haɗa ta da abinci mai hayaniya an yi asarar kuɗi. Tana son abu mai sauƙi: gasasshen nama ba miya, naman tsuntsun daji irin su makwarwa, naman kaza irin na tsiro (setas) da aka soya da tafarnuwa kaɗan, ko tsohon cukun tumaki kamar Manchego da Idiazabal. Ƙaton yankan naman sa mai ƙashi, chuletón, da ake kawowa da jini-jini, ya fi son giya mai bauri sosai. A nan nakan tura baƙo wajen Ribera del Duero ko Toro. Inabin ɗaya ne, amma gonakin Ribera suna kan tudu mai tsayin mita 700 zuwa sama da 900, rana da zafi dare da sanyi, bawon yana yin kauri, giyar ta fito da duhu da ƙarfi.

Joven kuma ta kayan lambu ce da abin taɓawa. Kwarin Ebro ƙasar tattasai ce da tumatir da wake, saboda haka gasasshen tattasan piquillo na Lodosa, da ɗanyen farin waken da ake kira pochas, da wainar ƙwai da dankali, duk suna tafiya da ita. Har kifi, idan busasshen bacalao ne da aka dafa cikin miyar tumatir da tattasai, joven ko crianza marar nauyi za ta yi, domin miyar ce ke jan ragama.

Akwai abubuwan da ba sa jituwa da ita. Kifi mai mai irin sardin idan ya haɗu da jar giya yakan bar ɗanɗanon ƙarfe da ƙarni a baki. Abin da aka jiƙa a ruwan tsami na binega, kamar boquerones da escabeche, yana kashe ta. Alcachofa da asparagus, kayan lambun da mutanen yankin Navarra suke alfahari da su, suna jirkita ɗanɗanonta. Kayan zaƙi na bayan abinci suna sa ta koma tsami da ɗaci zalla. A waɗannan ka ba da shawarar farar giya, ko ka bar baƙo ya gama kofinsa kafin a kawo.

Babban abokin gabarta kuwa barkono ne. Wannan a aikace na koya. Wata Lahadi na gasa wa abokan aikina tsire da yajin ƙuli da aka aiko mini daga Zariya, ɗaya daga cikinsu ya zo da reserva mai kyau don ya girmama ni. Loma biyu aka yi kowa ya ajiye kofi. Barasa tana hura wutar barkono, barkono kuma yana fito da ɗacin katako, ƙamshin da aka yi shekara uku ana tarawa ya tafi a banza. Da muka sake yi bayan wata guda, sabuwar Garnacha muka sanyaya kaɗan, na kuma rage yajin, abin ya zauna. Idan gidanku yana da faranti mai yaji, ka nisantar da shi daga tsohuwar giya.

Tun da a Zaragoza kake, kada ka manta da na gida. Campo de Borja da Cariñena da Calatayud duk a lardinku suke, ƙasar Garnacha ce, mutanen Aragón kuma suna jin daɗi idan mai kawo abinci ya san nasu. Garnacha ta fi Tempranillo ƙamshin 'ya'yan itace da barasa, baurinta bai kai nasa ba. Baƙon da ya ce Rioja ta yi masa katako da yawa, can za ka kai shi.

A bakin tebur

Zafi yana ɓata jar giya fiye da komai. Sabuwa tana son digiri 14 zuwa 15, crianza da reserva 16 zuwa 18. A watan Yuli na Zaragoza ɗakin cin abinci ya wuce haka da nisa, kwalbar da aka ajiye kusa da kicin kuwa barasa kawai za ta riƙa busawa a hanci. Na taɓa aiki a wani gida da ake jera kwalabe a kan kanta saman injin kofi don ado, baƙi suna ta mayar da giya, mai gidan yana zargin masu kawo kaya. Idan ka taɓa kwalba ka ji ba sanyi ko kaɗan, minti goma a bokitin ruwa da ƙanƙara ya isa.

Ka nuna wa wanda ya yi oda kwalbar, ka faɗi sunan gida da shekara, ka buɗe a gabansa, ka zuba masa kaɗan. Shi ne zai ɗanɗana, ba kai ba, wannan ita ce al'ada ko'ina. Abin da yake dubawa shi ne ko giyar ta lalace. Idan ya ce tana da corcho, yana nufin toshin kwalbar ya ba ta warin jiƙaƙƙen kwali, hakan kuwa yana faruwa ko a gida mafi suna. Kada ka yi musu, ka ɗauke ka kira shugaban ɗaki. Kwalba ɗaya ta mililita 750 tana ba da kofi biyar, kada ka cika kofi ya wuce sulusi, mai sha yana bukatar wurin juya ta. Tsohuwar giya takan tara gari a gindi, ka zuba a hankali, ka bar ɗan na ƙarshen.

Idan aka tambaye ka wacce ka fi so, faɗi gaskiya: ba ka sha, amma ga wadda masu cin wannan faranti suka fi komawa kanta. Na yi shekara huɗu da wani ɗan Maroko da bai taɓa kurɓa ba, yana da ɗan littafi a aljihu yana rubuta abin da baƙi suka ce game da kowace kwalba da kowane faranti, har ya kai tsofaffin baƙinmu shi suke nema. Ka sani dai cewa bakin mutane ba ɗaya ba ne. Wani yana son bauri kamar yadda wani tsoho yake son goro mai ɗaci. Duk abin da na faɗa maka mafari ne, idan baƙo ya ce shi gran reserva yake so da kifinsa, kuɗinsa ne, ka kawo masa da fara'a.

Saura abin da ya shafe ka kai kanka da baƙi Musulmi, waɗanda ba su da kaɗan a Zaragoza. Yawancin abin taɓawar da ake ci da wannan giya na alade ne: jamón, chorizo, morcilla, lomo, panceta. Patatas a la riojana da ka ji sunansa kamar dankali ne kawai, da chorizo ake dafa shi, pochas da menestra, wato dafaffen haɗin kayan lambu, su ma sau da yawa ana jefa musu jamón, wasu masu girki kuma suna shafa wa gasasshen rago kitsen alade, manteca. Duk farantin da aka rubuta al vino tinto da giya aka dafa shi, dahuwa kuma ba ta kore barasar duka. Ka shiga kicin ka tambayi mai girki faranti bayan faranti, ka rubuta. Giyar da aka rubuta wa desalcoholizado tana iya ɗauke da barasa har kashi 0.5 cikin 100. Wanda babu shakka a kansa shi ne mosto, ruwan inabin da ba a bari ya tsimu ba, ana sayar da shi a kusan kowace mashaya, har yara ake ba.

Idan ka samu hutu wajen 21 ga Satumba, ka hau mota ka zo Logroño lokacin bikin San Mateo, ranar da ake tattaka inabin farko da ƙafa a dandalin Espolón. Yankan inabi yana kankama a lokacin, daga gabas ake farawa, a ƙare a wajen Haro cikin Oktoba. Zan kai ka gonar wani dattijo da na yi wa aiki a shekarata ta farko, ka tsinki Tempranillo da hannunka. Ka fara tsotse ruwan ka ji zaƙi da tsami, sannan ka tauna bawon shi kaɗai, daga ƙarshe ka fasa ƙwallon da haƙori ka ji baurin. Ka taho da rigar da ba ka jin asararta, domin ruwan bawon ba ya fita a wanki.